Tarihin Tsagar Ƙarfe

 

Yau hirarmu a kan ƙarfe take. Ba yadda ake ƙera shi ba, a'a, yadda yake karyewa. Kowa ya taɓa jin an ce: "Ƙarfen nan lafiyarsa lau, sai kawai ya karye." Haka ake faɗi a tasha, haka ake faɗi a gona. To, maganar nan da gyara. Da wuya ƙarfe ya karye rana ɗaya. Yawanci ya daɗe da fara tsagewa. Tsagar tana farawa daga fatarsa, wato samansa, inda hannu ke taɓawa. Daga nan take cin ciki sannu-sannu, ba wanda ya sani. Ranar da muka ji ƙara, ranar ce ta gama aikinta.

Bari in fara da abin da na gani da idona.

Ina yaro, ban wuce shekara 12 ba, muka taso daga ƙauyenmu cikin amalanken shanu za mu kasuwar Madarunfa. An ɗora buhunan gero, mata uku suka hau bisa, ni kuma na maƙale a baya. Muna gangarawa wajen gulbi, ƙafa ɗaya ta faɗa wani ɗan rami. Sai muka ji ƙas! Sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu ta rabu biyu. Amalanke ya kife. Buhu ya danne ƙafar gwaggona, ƙashi ya karye. Wata uku ta yi hannun maɗori.

Mai amalanke ya yi ta rantsuwa cewa ramin bai kai waɗanda yake faɗawa kullum ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Wani tsohon maƙeri da ya zo wucewa ya ɗauki guntun sandar, ya juya mana bakin karayar. Launi biyu muka gani. Fiye da rabi baƙi ne, sumul, da tsatsa. A jikinsa akwai zane-zane masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda ruwa ke bari a bakin tabkin Madarunfa in yana ja da baya da rani. Sauran kuwa fari ne tas, da kaushi, kamar an fasa dunƙulen gishiri. Tsohon ya ɗora yatsa bisa baƙin ya ce: "Nan ya daɗe da karyewa. Ɗan farin nan kaɗai ke ɗauke da ku." Sannan ya nuna mana wani tudun walda a sama. Ashe an taɓa ganin tsagar, aka kai wa wani mai walda, ya shafe bakinta, ya bar cikinta.

Abin da tsohon nan ya karanta cikin minti ɗaya, malaman ƙarfe na duniya sun yi fiye da shekara 100 kafin su iya lissafa shi. Tarihin wannan lissafi za mu bi yau.

Lokacin da ƙarfe yake hannu

Ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masu tonon tarihi sun sami tsoffin wuraren narka tama a duwatsun Tarmit, gabas da Damagaram, waɗanda suka fi shekara 2,000. A dutsen Dala na Kano ma an sami irinsu, na wajen shekara 1,300 da suka wuce. Kakanninmu suna haƙo tama, su haɗa ta da gawayi, su hura wuta. Maƙeri ya ɗauki curin da ya fito, ya sa zuga-zugi, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta duka yana ninkewa, har dattin da ke ciki ya fita. Da shi aka yi galma da hauya da gatari. Da shi aka yi mashi da kibiya, tun kafin Katsinawa su kafa Maraɗi.

Wancan ƙarfe yana da wani hali mai kyau. Yana da laushi. In aiki ya fi ƙarfinsa sai ya lanƙwashe tukuna, mai shi ya gani. Ko ya karye ma, me aka rasa? Yinin noma ɗaya, da ƴan kuɗin gyara. Ba a taɓa yin zaman makoki don hauya ta karye ba.

Abin ya sake ne ranar da mutum ya daina riƙe ƙarfe kawai, ya koma hawa bisansa. A wajenmu wannan ya zo da Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya kamyo ya shiga ɗaukar gyaɗar Maraɗi zuwa can. Tsoffin ƙarafan mota da na jirgi suka cika kasuwa, suka fi tama araha, har aka bar narka ta. Keke ya zo, amalanke ya zo, injin ban ruwa ya zo fadamar Jiratawa, kabu-kabu ya cika hanya. Yau da wuya mutum ya yini bai ɗora ransa bisa ƙarfe ba.

A ƙasashen Turai wannan sauyi ya riga namu da kusan shekara 100. Saboda haka su suka fara shan wuyarsa. Za ku ji sunaye masu wuyar faɗi. Kada su dame ku. Abin da mutanen suka gano shi ne abin riƙewa.

Jirgin da ya ƙone kusa da Paris

Ranar 8 ga watan Mayu 1842 aka yi wani biki na sarkin Faransa a garin Bersai. Da yamma mutane suka cika jirgin ƙasa za su koma Paris. Suna cikin gudu, sandar ƙafafun kan jirgi ta karye. Taragai suka hau juna. A lokacin da icce ake yin su, ga kuma garwashin injin, sai wuta ta kama. Wani abin baƙin ciki, al'adarsu a wancan zamani ita ce a kulle ƙofofi daga waje. Fiye da mutum 50 suka mutu.

Hankalin kowa ya tashi. Sandar nan ba a ɗora mata abin da ya fi na kullum ba. Me ya karya ta? Da yawa daga cikin masana suka ce ƙarfe ne ke sake hali in ya tsufa, cikinsa ya koma kamar gishiri. Sun ga farin nan mai kaushi, irin wanda muka gani a hanyar kasuwa, sai suka ɗora masa laifi. Sun yi kuskure. Ba su kula da baƙin ba.

Wani saurayi injiniya ɗan ƙasar Sikotilan, William Rankine, shi ya kula. Ya tara karyayyun sanduna ya duba su ɗaya-ɗaya. A 1843 ya bayyana abin da ya gani. Ya ce karayar tana farawa da ƴar tsaga daga waje, tana shiga ciki a hankali. Kuma kusan kullum wuri ɗaya take farawa: inda sanda mai kauri ta koma siririya farat ɗaya, aka bar kusurwa mai kaifi. Ya ce a daina barin kusurwa, a riƙa lanƙwasa wurin. Magana mai sauƙi, amma an daɗe ba a bi ta ba.

Wanda ya zauna ya auna abin da haƙuri wani Bajamushe ne, August Wöhler, ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya ƙera inji mai juya sanda alhali an rataya mata nauyi, yana ƙirga juyin har ta karye. Ya sake wata, ya rage nauyi, ya sake ƙirgawa. Ya fi shekara 10 yana wannan aiki, ya kammala a 1870.

Ku ma kun san abin da ya gano, ko da ba ku ba shi suna ba. In kana son tsinka waya ba ka da abin yanka, yaya kake yi? Ja ba ya tsinka ta. Sai ka lanƙwasa ta nan, ka mayar can, ka sake, ka sake. Ba lanƙwasa ɗaya da ta isa ta karya ta, amma taronsu ya isa. Haka sandar jirgi take. Nauyi yana ɗan tanƙwara ta, ido ba ya gani. Da yake tare da ƙafa take juyawa, gefen da aka matse yanzu shi za a ja in ta juya. Kowane juyi lanƙwasa ɗaya ke nan. Wöhler ya nuna cewa nauyi kaɗan, in an maimaita shi sau dubbai, yana karya sandar da ta iya ɗaukar babban nauyi sau ɗaya. Ya kuma nuna cewa akwai iyaka. In nauyi bai kai wannan iyaka ba, sandar tana iya juyi sau miliyoyi ba ta karye ba.

Masana suka sa wa abin suna gajiyar ƙarfe. Ni dai sunan bai gamshe ni ba, don yana ruɗin mutane. Jaki in ya gaji, ya huta, gobe ya warware. Ƙarfe ba haka ba ne. Ko ka jingine amalanke shekara guda, tsagar tana nan inda ka bar ta. Ƙila ma tsatsa ta ƙara mata.

Sirrin yana bakin tsaga

Saura tambaya ɗaya. Don me ƴar tsaga, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, za ta kayar da sanda mai kaurin damtse?

Ku tuna da mai sayar da yadi a kasuwa. In ya kama yadi ya ja da hannu biyu, ba zai yage ba. Sai ya sa almakashi ya ɗan tsaga baki. Ja ɗaya, yadi ya rabu har ƙasa. Mai rake ma haka yake yi: ya zaga da wuƙa, ya ɗan danna, rake ya ɓalle daidai wurin. Dalili shi ne, ƙarfin da aka sa ba ya bazuwa ko'ina. Yana taruwa ne a ƙarshen tsagar, kamar yadda ruwan gulbi ke ƙara ƙarfi inda hanya ta ƙuntata.

A 1913 wani malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, Charles Inglis, ya lissafa wannan taruwa. In ka huda rami zagayayye a faifan ƙarfe ka ja shi, wahalar da bakin ramin ke sha ta ninka ta sauran jiki sau 3. In ramin ya yi tsawo ya yi tsini, ninkin ya wuce haka nesa. Tsaga kuwa ita ce rami mafi tsini.

Bayansa sai wani Baturen Ingila, Alan Griffith. Shi da gilashi ya yi gwajinsa. Ya lura cewa zaren gilashi siriri, sabon ja, ya fi gilashi mai kauri ƙarfi ƙwarai, in an gwada su daidai da kaurinsu. Ya ce dalili shi ne ƙananan tsagogi da ke jikin mai kaurin, waɗanda ido ba ya gani. Sai ya shiga yi wa gilashi tsaga da gangan, wata gajera, wata doguwa, yana auna ƙarfin da ke fasa kowanne. An buga sakamakon a 1921. Ga shi da lissafin buhu, don mu riƙe.

A ce akwai ƙarfe mai tauri, da tsaga a jikinsa tsawon ƙwayar gero 1. A ce buhu 20 ne ke karya shi. In tsagar ta kai tsawon ƙwaya 4, buhu 10 ya isa. In ta kai ƙwaya 16, buhu 5 ya isa. Wato duk lokacin da tsaga ta ninka sau 4, rabin kaya ya isa ya gama da shi.

Ku sake karanta wannan wuri, don shi ne cibiyar hirarmu. Mai amalanke bai ƙara kaya ba. Ramin hanya bai ƙara zurfi ba. Tsaga ce ta yi ta girma, ƙarfin sanda yana raguwa, har ranar da kayan kullum suka fi ƙarfinta. Kowace tsaga tana da tsawon da in ta kai shi, ba ta ƙara rarrafe, sai gudu. Gudun nan kuwa, a ƙarfe mai tauri, yana iya wuce kilomita 1 cikin sakan ɗaya. Shi ne ƙas ɗin da muka ji.

An yaba wa Griffith, amma aka ce wannan zancen gilashi ne, bai shafi ƙarfe ba. Aka ajiye. Sai da yaƙi ya zo.

Jiragen ruwa da jiragen sama

A yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Amurka ta buƙaci jiragen ruwa na ɗaukar kaya da gaggawa. Daga 1941 zuwa 1945 ta ƙera iri ɗaya, mai suna Liberty, har guda 2,710. A da, faifan ƙarfen jirgi da ƙusoshi ake haɗa su, wannan bisa wancan. Don sauri sai aka koma walda, jirgi duka ya zama kamar ƙarfe guda.

Ba a daɗe ba suka fara tsagewa, musamman a teku mai tsananin sanyi. Waɗansu suka rabu biyu. Abin da ya fi ba mutane mamaki ya faru a watan Janairu 1943, a garin Fotlan na Amurka. Wani sabon jirgin ɗaukar mai, shi ma na walda, mai suna Schenectady, yana ɗaure a bakin ruwa. Ba iska, ba igiyar ruwa, ba abokin gaba. Cikin dare aka ji ƙara mai ƙarfi. Jirgi ya tsage ta tsakiya.

Aka fara zagin masu walda. Lalle akwai wuraren da aikinsu bai yi kyau ba. Amma wata malama a Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa babban laifin na ƙarfen ne. Irin wanda aka yi aiki da shi, in da ɗumi yana lanƙwasa kafin ya karye. In sanyi ya kai wani matsayi sai ya sake hali, ya riƙa fashewa kamar kasko. Maƙeranmu sun san ɗan uwan wannan abu. In aka tsoma wuƙa cikin ruwa tana ja wur, aka bar ta haka, za ta yi tauri ƙwarai, amma bugu ɗaya bakinta ya ɓantare. Tauri daban, juriya daban.

Aka kuma gano abu biyu. Tsagogi da yawa sun fara ne daga kusurwar ƙofofin zuba kaya, masu kusurwa huɗu. Maganar Rankine ke nan ta dawo bayan shekara 100. Na biyu, a jirgin ƙusa in tsaga ta kai ƙarshen faifai sai ta tsaya, don ba ta iya tsallakawa zuwa na gaba. A jirgin walda ba abin da ke tare ta. Sai aka lanƙwasa kusurwoyin, aka ƙara waɗansu faifai da ƙusa don su tare tsaga, aka gyara haɗin ƙarfen.

Shekara 10 bayan haka abin ya hau sama. Ingila ta ƙera jirgin fasinja na farko mai injin jet, sunansa Comet. Ya fara aiki a 1952, ana ta alfahari da shi. Ranar 10 ga Janairu 1954 ɗaya ya tashi daga birnin Rum, ya tarwatse a sama, mutum 35 suka mutu. Ranar 8 ga Afrilu wani ya tashi daga wuri ɗaya, shi ma ya tarwatse, mutum 21. Aka hana sauran tashi.

Yadda aka binciki abin ya cancanci a ji shi. Can sama iska ba ta isa numfashi, saboda haka ana hura iska cikin jirgi. Duk tashi jikinsa ya ɗan kumbura, duk sauka ya saki. Lanƙwasar waya ke nan. Masu bincike suka gina ƙaton kwandon ƙarfe na ruwa, suka sa jirgi guda a ciki. Suka riƙa matsa ruwa cikin jirgin suna saki, dare da rana, kowane matsi a madadin tafiya ɗaya. Da lissafi ya kai wajen tafiya 3,000, har da waɗanda ya riga ya yi a sama, jikinsa ya yage. Suka bi tsagar har tushenta. Daga bakin ramin wata ƙusa ta fara, kusa da kusurwar taga. Alhazanmu da suka hau jirgi zuwa Makka su tuna da tagar da suka leƙa. Ba ta da kusurwa mai kaifi.

Lissafin ya cika

Wanda ya ɗauko aikin Griffith ya daidaita shi da ƙarfe wani Ba'amurke ne, George Irwin, mai bincike a rundunar ruwa ta ƙasarsu. A 1957 ya nuna yadda za a auna wahalar da bakin tsaga ke sha. Abu uku ake haɗawa: nauyin da ke bisa ƙarfe, girman tsaga da siffarta, da juriyar irin wannan ƙarfe. In ka san biyu, lissafi zai ba ka na uku. A 1961 wani kuma, Paul Paris, ya kawo hanyar lissafa yawan abin da tsaga ke ƙaruwa a kowace lanƙwasa. Manyan mujallu uku na masana suka ƙi buga takardarsa. Yau da hanyarsa ake aiki ko'ina.

Daga nan tunani ya sake. A da injiniya yana cewa: "Ƙarfena ba shi da tsaga." Yanzu cewa yake: "A ɗauka akwai tsaga. Ina take? Nawa ne zurfinta? Tafiya nawa ta rage kafin ta kai tsawon gudu?" Da amsar nan ake yanke ranar da za a sake duba jirgi ko gada.

Tsagar da ta fara daga fata ita aka fi tsoro, kuma ita ta fi yawa. Dalili a fili yake. In sanda ta lanƙwasa, fatarta ce ta fi shan ja. Fatar ce kuma ke samun ƙarzuna, da sarar guduma, da tsatsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren. Siffar wannan tsaga a ciki kamar farcen babban yatsa take, ko rabin wata. Daga waje layi siriri kawai za ka gani, ba zai gaya maka zurfinta ba.

Kada ku ce sai ta yi girma. A Amurka akwai wata gada bisa kogin Ohayo, an gina ta a 1928, tana rataye da sarƙar manyan ƙarafa. Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma, tana cike da motoci, ta rufta cikin ruwa. Mutum 46 suka mutu. Da aka bincika, ƙarfe ɗaya ne ya fara karyewa. Tsagar da tsatsa ta fara a jikinsa ba ta wuce milimita 3 ba, wato ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ƙarfen mai tauri ne marar juriya, kuma in ɗaya ya tafi ba wani da zai riƙe. Bayan wannan ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji a kai a kai. A Ingila ma, a watan Oktoba 2000, a wani wuri Hatfield, dogon jirgin ƙasa ya farfashe ƙarƙashin jirgi mai gudu, mutum 4 suka mutu. Ƙananan tsagogi ne da ƙafafun jirgi suka yi wa saman dogon, aka gan su, aka yi jinkirin sake shi.

Mu dawo gida

A watan Fabrairu 2021 aka ɗora harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, tsawonta wajen kilomita 284. An yi bikin a wani ƙauye na ƙasar Katsina, Kwarin Tama. Ku ji sunan wurin. Duk jirgin da zai bi wannan hanya, ƙafarsa za ta juya fiye da sau 300 a kilomita ɗaya. Daga Kano zuwa Maraɗi ya haura sau 80,000 ke nan, a tafiya ɗaya tak. Saboda haka aikin jirgi ba ya ƙarewa ranar da aka shimfiɗa dogo. Dole a sami masu duba shi kullum, kuma ɗiyanmu da ke lakwal yau suna iya zama su.

Yaya ake neman tsaga? Hanya mafi tsufa ita ce kunne. Ma'aikatan jirgin ƙasa na da suna bin taragai da doguwar guduma, suna ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga muryarta a dushe take. Iyayenmu mata ba su buƙatar a koya musu wannan. Haka suke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su biya. Sai dai kunne ba ya jin ƙaramar tsaga. Yanzu akwai na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe ta saurari dawowarsa, ƴar uwar wadda likita ke duba cikin mace mai juna biyu da ita.

Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta ma'aikatan jirgi, wadda kowa zai iya yi a gida. A wanke ƙarfe a kankare tsatsa. A shafa masa baƙin mai da aka tsinka da kananzir, a bari ya jiƙa. A goge shi tas. A dama alli da ruwa a shafa, a bari ya bushe. Sannan a ɗan buga da guduma. In akwai tsaga, man da ya shige ta zai fito, ya zana baƙin layi bisa farin allin. Wuraren da za a fi dubawa su ne gefen walda, da bakin ramin ƙusa, da inda kauri ya sake, da inda tsatsa ta yi rami.

In an gan ta fa? Gyartai, in zai ɗinke ƙwarya, yana bin tsagar har inda ta tsaya. Makanikai ma, a jikin faifan ƙarfe, suna huda ɗan rami zagayayye daidai ƙarshen tsaga, don su kashe tsininta. Wannan yana jinkirta ta, ba ya warkar da ita. Mai walda na ƙwarai yana fafe tsaga da dutsen wuta har ƙarshenta, sannan ya cike tun daga ƙasa. Wanda ya shafa walda a sama ya ɓoye ta ne kawai, kuma gefen waldar ya zama sabon wurin farawa. Ba kullum laifinsa ba ne. Sau da yawa mai kaya ne ke tsaye a kansa, yana cewa a yi sauri, kuɗinsa kaɗan ne.

Akwai abubuwan da ba a gyara su in sun tsage, sai dai a sake: sandar ƙafafun amalanke ko ta mota, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta keke ko babur, ƙarfen sitiyari, da tukunyar gas. Wanda kuma ya taɓa samun karaya, kada ya yar da guntun tukuna. Ya juya bakinsa ya duba baƙi da fari. In baƙin ya fara daga gefen walda ko daga wata kusurwa, ya nuna wa mai ƙera masa sabo, don kada a maimaita wurin.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.